Karayar ƙwauri da bashin asibiti: yadda wani kafinta marar inshorar lafiya ya biya kuɗin jinyarsa

Asalin lamarin

Mutumin kafinta ne mai shekara 38, yana da mata da 'ya'ya uku. Zaman kansa yake yi, shi da yara biyu masu koyon sana'a, don haka ba shi da albashi, ba shi da hutun rashin lafiya, ba shi da inshorar lafiya. Ranar da ya yi aiki a samu, ranar da bai yi ba sai haƙuri. Matarsa tana ɗinki a gida, abin da take samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nasa ba.

Don lissafin ya fito fili, duk kuɗin da za a ambata a nan an auna shi ne da abin da mutumin yake samu a wata guda idan kasuwa ta yi daidai. In an ce "kuɗin wata 2", ana nufin guminsa na wata biyu. Kafin hatsarin yana da ajiyar kuɗin wata ɗaya da rabi, da babur, da injin yankan katako wanda ya saya a kan kuɗin wata 3.

Irinsa suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa hatsarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna tsira da rauni. Wani ma'aunin da hukumar ta yi amfani da shi wajen gane gidan da kuɗin magani ya durƙusar shi ne idan abin da suka biya daga aljihu ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da gidan yake samu ko yake kashewa. A gidan wannan kafinta, iyakar ta faɗo wajen kuɗin wata ɗaya da rabi a shekara. Kafin gari ya waye a daren farko ya riga ya haye ta.

Rana ta 1: hatsarin da daren farko

Yana kan babur zai je auna ƙofofi, ɗaya daga cikin yaran shagonsa yana bayansa, wata mota ta fito daga ƙaramar hanya ta daki ƙafarsa ta dama. Ƙasusuwan ƙwaurin biyu suka karye, babban ya huda fata ya leƙo waje. Yaron ya tsira da ƙujewa. Kafin a ɗauki maigidansa ya ciro waya ya ɗauki hoton motar da lambarta, ba don ya san amfanin hoton ba, sai don yana tsoron direban zai gudu. Direban bai gudu ba, shi ma ya kai su asibiti.

Karayar da ƙashi ya fito waje ba ta jira. Ƙasa da datti sun riga sun taɓa ƙashi, saboda haka ana so a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, a yi rigakafin tetanus, a shiga ɗakin tiyata a wanke ciwon a yanke naman da ya mutu cikin sa'o'i 24. Likitoci suna karkasa irin wannan karaya gida uku bisa tsarin Gustilo da Anderson na 1976. Tasa ta faɗa gida na biyu: tsagar ta kai santimita 6, amma akwai isasshiyar fatar da za ta rufe ƙashin. An wanke, an ƙara masa jini leda ɗaya, an kafa masa ƙarfen waje, wato sanduna da kusoshin da ke riƙe ƙashi ta wajen fata.

Ba a tsayar da aikin don kuɗi ba. Ƙasashe da dama sun hana a kori mai raunin gaggawa: Amurka ta yi dokar hakan a 1986, Kotun Ƙolin Indiya ta yanke irin wannan hukunci a 1989, Kenya ta sa shi cikin tsarin mulkinta na 2010. Sai dai hana kora daban, yafe kuɗi daban. Da safe aka miƙa wa matarsa takarda: kuɗin wata 2.

Rana ta 2 zuwa ta 12: neman kuɗi cikin gaggawa

Ajiyar ta tafi gaba ɗaya a rana ta biyu. Yayansa ya zagaya dangi ya haɗo kuɗin wata 1, rance ne amma babu ruwa, babu wa'adi.

A rana ta uku direban ya dawo da kuɗi a ambulan da wata takarda mai shafi ɗaya. Ya ce zai ba da kuɗin wata ɗaya da rabi nan take, a sa hannu cewa magana ta mutu. Yayan ya riga ya karɓi biro. Matar ce ta ce, "Yaya, a dakata tukuna. Mai ƙafar ma bai dawo hayyacinsa ba, ni kuma ban gane abin da aka rubuta ba." Ransa ya ɓaci, ya ce mata kuɗi a hannu ya fi alkawari, kuma su wa za su biya kuɗin gado gobe? Ba ta ƙara magana ba, amma ba ta bari an sa hannun ba. Direban ya mayar da ambulan ɗinsa aljihu ya tafi.

Gibin da ya rage aka cike shi da bashin mai ba da kuɗi da ruwa: kuɗin wata 1, ruwansa kashi 20 cikin 100 kowane wata. Cikin awa biyu kuɗin ya shigo, ba a tambaye su komai ba sai takardun babur.

A rana ta tara likita ya yi musu bayanin mataki na gaba. Ƙarfen wajen na wucin gadi ne. Ana so a cire shi a zura sandar ƙarfe ta cikin ɓargon ƙashi, kuma an fi son a yi hakan cikin kimanin makonni biyu, domin kowace kusar da ta ratsa fata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma daɗewarta yana ƙara haɗarin. Kuɗin aikin: wata 3, a biya rabi kafin a shiga.

Babu wanda ya tambayi ko za a iya biya kaɗan-kaɗan, babu kuma wanda ya faɗa musu ana iyawa. Abin da iyalin suka gani shi ne kowane dare a gadon asibiti kuɗi ne. A rana ta 12 mutumin ya sa hannu a takardar cewa ya fita ne bisa ra'ayin kansa, likita bai sallame shi ba. Jimillar kwanciyar farko: kuɗin wata 3 da rabi, an biya duka.

Mako na 2 zuwa na 6: zaman gida

Shirin shi ne a tara kuɗin tiyata cikin makonni uku a koma. An ba shi maganin sha na kwana 14 da umarnin zuwa wankin ciwo sau uku a mako.

Maganin na kwana bakwai aka saya, da nufin a sayi sauran daga baya. Da ya ƙare ciwon ya yi kyau a ido, sai aka bar shi. Wankin ciwo ya koma sau ɗaya a mako, saboda kowane zuwa sai an ɗauki hayar mota, mai ƙarfe a ƙafa ba ya hawa babur. Sauran ranakun matarsa take wankewa da abin da ta ga ana yi.

A mako na huɗu aka sayar da injin. Mai saye ya san halin da ake ciki, ya taya kuɗin wata ɗaya da rabi, rabin abin da aka saye shi, kuma aka sallama. Daga ranar shagon ya koma gyaran kujeru da ƙananan ayyukan hannu, abin da yaran suke kawowa ya ragu. Kuɗin injin kuwa bai zauna ba: cefane, kuɗin makaranta, ruwan bashi na watan farko. Zuwa mako na shida abin da ya rage bai kai kuɗin wata 1 ba.

Wani ɗan'uwa ya saka hoton ƙafar a Facebook da WhatsApp yana neman taimako. Kwana huɗun farko kuɗi ya shigo, yawanci daga waɗanda suka san mutumin da ma. Daga nan shiru. Abin da aka tara kuɗin rabin wata ne.

A ƙarshen mako na biyar zazzaɓi ya fara. Kusoshi biyu na ƙasa suka yi laushi, bakinsu yana fitar da mugunya, ƙwaurin ya kumbura ya yi zafi. Ya daure kwana biyar yana shan maganin zazzaɓi kafin ya yarda a mayar da shi.

Mako na 6 zuwa na 13: komawa asibiti

Hoton ƙashi da gwajin jini suka nuna cutar ta shiga ƙashin. A wannan hali ba a sa sandar ciki, don sa ƙarfe cikin ƙashi mai cuta baza ta ne daga sama har ƙasa. Sai da aka sake shiga tiyata aka kankare wurin, aka canja wa kusoshin mazauni, aka aika samfuri ɗakin gwaji don a san ƙwayar da maganin da zai kashe ta. Magani na mako shida: biyun farko ta jijiya a asibiti, sauran na sha a gida. Lissafin farko da aka kawo: kuɗin wata 3. Tiyatar da aka gudu tana nan tana jira, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A nan ne al'amarin ya juya, kuma ta hanyar da ba wanda ya tsara. Wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ta tarar da matar zaune a baranda da takardar a hannu. Ta ce, "Baiwar Allah, kin je ofishin walwalar marasa lafiya kuwa?" Matar ba ta taɓa jin sunansa ba, alhali ta wuce ta ƙofarsa fiye da sau ashirin a kwanciyar farko.

Jami'ar ofishin ta yi abubuwa uku cikin kwana goma.

Da farko ta sa aka fitar da lissafin dalla-dalla, layi-layi, maimakon jimilla ɗaya. Suka zauna da matar suna gwada shi da katin jinya. An rubuta jini leda biyu, ɗaya aka ƙara masa. An caji dare ɗaya sau biyu, daren da aka canja masa ɗaki. Akwai maganin da aka rubuta da sunan kamfani mai tsada, alhali kantin maganin asibitin yana da mai sinadari iri ɗaya a farashi mai sauƙi, kuma likita ya amince a musanya. Ba zamba ba ce, kuskuren rubutu ne na hannaye da yawa, amma gyaransa ya zubar da kusan kuɗin rabin wata. Sannan ta cike musu takardar neman sassauci, aka yafe wani ɓangare na kuɗin gado. Lissafin ya sauko daga wata 3 zuwa wata 2.

Na biyu, ta shiga tsakani aka yi yarjejeniya a rubuce: abin da ya rage na wannan kwanciya da na tiyata mai zuwa za a biya shi cikin wata 12, babu ruwa, muddin ba a tsallake wata ba.

Na uku shi ne tambayar da ba wanda ya yi tun ranar farko: motar da ta buge shi tana da inshora? A yawancin ƙasashe doka ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni. Birtaniya ta kafa wannan tun 1930, kuma tsarin ya bazu. Wato rashin inshorar lafiyar wanda aka buge ba ya nufin babu kamfanin da ke da alhakin jinyarsa. Iyalin sun ɗauka inshorar mota ta gyaran mota ce kawai.

Aka nemo yaron da hotonsa. A mako na bakwai yayan ya je ya karɓo rahoton 'yan sanda, wanda da ma an buɗe shi ranar hatsarin, ba wanda ya bi sawu. Rahoton ya ɗora laifin a kan motar da ta fito daga ƙaramar hanya. Inshorar direban tana aiki. Aka samu lauya wanda ya yarda ba za a ba shi komai ba sai an biya, sannan ya ɗauki kashi 15 cikin 100. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an sa hannu a wata takarda da direban. Da aka ce a'a, ya ce to akwai magana. Ya kuma gargaɗe su cewa neman diyya yana da wa'adi, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ya aika wa kamfanin sanarwa a makon.

Lauyan ya koma wa direban. A wannan karon ya ba da kuɗin wata 1, da takardar da ta ce wannan somin-taɓi ne daga abin da za a biya, bai rufe magana ba. Shi ya zama kafin alƙalamin tiyata.

Mako na 14 zuwa wata na 9: tiyata da gashin ƙashi

Da gwajin jini ya nuna cutar ta lafa, aka cire ƙarfen wajen, aka bar ramukan kusoshin suka warke, sannan aka sa sandar ciki a mako na 14. An zaɓi sandar da asibitin yake da ita a ajiye maimakon wadda za a yi odarta, kuɗin ya tsaya a wata 2 da rabi. Kwana biyar ya yi aka sallame shi, wannan karon da sa hannun likita.

Ƙashin ƙwauri yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, wanda ya huda fata ko ya kamu da cuta yakan wuce haka. Nasa ya haɗe a wata na tara daga ranar hatsarin. An ce ya bar taba domin tana jinkirta haɗewar ƙashi, ya bari. Gashin ƙashi sau takwas kawai ya je; aka koya masa motsa idon sawu da gwiwa, ya ci gaba a gida. Wannan da hotunan bibiya sun ci kuɗin rabin wata. Tun daga mako na bakwai matar take adana kowane rasit a cikin jakar zaren ɗinkinta, har da na hayar mota. Na ga jakar: an jera su da fil, wata-wata.

Duk tsawon lokacin mai bashin ruwa yana zuwa ƙarshen kowane wata ya karɓi ruwansa, uwar kuɗin tana nan yadda take.

Wata na 10: biyan inshora

An nemi kuɗin jinya na wata 8 da rabi. Kamfanin ya cire rabin wata na magungunan da aka saya a makonnin farko, babu rasit. Ya cire wata 1, rabin kwanciya ta biyu, yana cewa mutumin da kansa ya fita ba tare da izinin likita ba, kuma ga takardar da ya sa wa hannu. Lauyan ya ja, amma ya ce musu zuwa kotu zai iya cin shekara ko fiye, kuma ba lallai a yi nasara a wannan gaɓar ba. Suka haƙura. Aka cire wata 1 da direban ya riga ya bayar. Diyyar watannin da bai yi aiki ba kuwa ba a samu ko kaɗan ba, domin ba shi da littafin ciniki, ba shi da shaidar abin da yake samu.

Abin da ya shigo kuɗin wata 6 ne, bayan kason lauya ya koma kimanin wata 5. Aka fara sallamar mai bashin ruwa aka karɓo takardun babur, aka rufe sauran bashin asibiti kafin wa'adinsa, aka mayar wa dangi nasu. Ragowar ta tafi wajen kafin alƙalamin wani tsohon inji.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Ba hatsarin ne ya fi cin kuɗi ba, shawarwarin makonni shidan farko ne. Da an yi tiyata ta biyu a kan lokaci, jinyar za ta tsaya wajen kuɗin wata 7, kuma kusan duka yana cikin abin da inshora za ta biya. Fita daga asibiti a rana ta 12 ya ceci kuɗin gado na 'yan kwanaki, ya jawo kwanciyar wata 2, ya ƙara kusan wata uku na zama babu aiki, sannan takardar fitar ta zama makami a hannun kamfanin inshora. Kwana bakwai na maganin da ba a saya ba shi ne mafi arhar abu a duk lissafin. Ba za a iya rantsewa cewa shi ya kawo cutar ba, domin irin wannan karaya tana kamuwa ko an yi komai daidai, amma an tara dalilan haɗari uku wuri guda: kusoshin da suka daɗe, wankin da ya ragu, maganin da aka yanke.

Ban ga laifin iyalin kamar yadda alƙaluman suke nunawa ba. Sun zaɓi abin da suke gani. Mai ba da bashi da ruwa da mai sayen inji suna amsawa cikin awa biyu. Ofishin walwala da kamfanin inshora sai an san da su, an nema, an jira. Shi ya sa kuɗi mafi tsada ya riga mafi arha zuwa. Bashin wata 1 ya koma wata 3 kafin a rabu da shi, injin wata 3 ya tafi a wata ɗaya da rabi ya kuma tafi da cinikin shagon. Asibitin ma yana da nasa kason: wanda ya faɗi kuɗin tiyata a rana ta tara zai iya faɗin cewa akwai biya kaɗan-kaɗan a numfashi ɗaya, bai faɗa ba.

Abubuwan da suka ceci lamarin ba su ci ko sisi ba: hoton lambar mota, ƙin sa hannu a rana ta uku, neman lissafi layi-layi, adana rasit. Kuɗin wata ɗaya da rabin da direban ya zo da shi a ambulan, da an karɓa, da ya toshe hanyar kuɗin wata 7. Taimakon intanet ya yi rana, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na jinyar ba. Sai dai a lura cewa babban abin da ya fitar da shi bai shafi kowa ba: akwai mota, an san ta, inshorarta tana aiki, laifin kuma nata ne. Wanda ya faɗo daga tsani a wurin aikinsa, ko wanda direba ya buge ya gudu, sassaucin asibiti da biya kaɗan-kaɗan ne kawai a gabansa, sai in ƙasarsa tana da asusun biyan waɗanda motar da ba a gano ba ta buge, kamar yadda wasu ƙasashe suke da shi.

Mutumin ya koma shago a wata na 11. Yana ɗan ɗingishi, ba ya iya tsayuwa fiye da awa uku a jere, kuma likita ya ce sandar za ta zauna a ƙafar sai in ta dame shi. Saura kuɗin wata 1 ya gama biyan tsohon injin. Ya sayi littafi mai layi, yaron da ya ɗauki hoton shi yake rubuta cinikin kowace rana.